Olsa, ƙwayoyin gajiya da kwalbar farin magani: magana ga 'yan'uwana na Kusada

Na daɗe ina son mu yi wannan magana, musamman yanzu da kaka ta kama, kowa yana gona tun safe har faɗuwar rana.

Duk wanda ya taɓa zama a bakin kemis bayan Magariba, a cikin garin Kusada ne ko a Kankiya, ya san abin da aka fi saye. Mutum ya dawo daga yankan gero ko roron wake, baya ya ƙage, gwiwoyi na zogi, sai ya ce, "A haɗa min na gajiya." A zuba masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a 'yar leda, ba suna ba kwali, ya kora da ruwa, wataƙila rabonsa da abinci tun kunun safe. Bayan 'yan makonni shi ne dai zai dawo dafe da ƙirji yana neman Gestid ko omeprazole, wai olsa ta tashi. Ba ya kawo wa ransa cewa zuwan farko ne ya jawo na biyu.

Cikin ɗan'adam yana fitar da ruwa mai tsananin tsami don narka abinci, kuma Allah ya shafe bangon cikin da wata majina mai kauri da ke kare shi daga wannan ruwan. Magunguna irin su diclofenac, ibuprofen, piroxicam da aspirin suna kashe ciwon jiki, amma ta hanyar da suke kashe shi suke rage wannan kariya. In an haɗa biyu daga cikinsu a leda ɗaya, ko aka ƙara da dexamethasone, haɗarin gyambo da zubar jini ya ƙaru, balle ga tsofaffinmu masu ciwon gaɓoɓi da ke sha kullum. Paracetamol ba ya yi wa ciki wannan ɓarna in an tsaya a ƙa'idarsa. Roƙona ga masu kemis, cikinsu har da waɗanda suka yi karatu a makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya: kafin ku miƙa wa mutum maganin ciwon jiki, ku tambaye shi ko yana fama da ciki. Tambaya ce ta minti ɗaya.

Babban sanadi na biyu ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, kuma ita ce ta fi damuna, don da yawanmu ba mu taɓa jin labarinta ba. Shekaru da dama likitoci sun ɗauka cewa babu abin da zai iya rayuwa a cikin tsamin ciki, sai wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostiraliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka raini ƙwayar a ɗakin gwaji a 1982. Da aka ƙi yarda da su, a 1984 Marshall ya sha ruwan da ke ɗauke da ita, cikinsa ya kamu. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel. Yawanci tun yarinta ake ɗaukarta, ta gurɓataccen ruwa, hannu marar tsabta da cunkoson gida. Binciken da aka yi a Maiduguri a farkon shekarun 1990 ya nuna mafi yawan waɗanda aka gwada suna ɗauke da ita. Akasarinsu ba ta yi musu komai, amma wasu tana huda musu gyambo, kuma tun 1994 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin abubuwan da ke jawo kansar ciki.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, wannan nau'in olsar ana warkewa daga shi. Ana gwada bahaya a gano ƙwayar, likita ya haɗa maganin rage tsami da magungunan kashe ƙwayoyin cuta aƙalla guda biyu, a sha na kwana 14. Yana da ɗaci a baki, yana iya sa tashin zuciya, shi ya sa mutane ke ajiyewa da zarar sun ji sauƙi, ƙwayar kuma ta dawo da ƙarfinta. Yadda muke shan Flagyl, wanda yake cikin magungunan da ake haɗawa, a kan kowane ɗan zawo ma ya sa ta fara daina jin sa. Wanda zai yi gwajin ya sanar da likita in yana shan omeprazole, don ana so a dakatar da shi mako biyu kafin nan, in ba haka ba sakamako na iya nuna babu alhali akwai.

Yunwa da yaji fa? Suna tayar da raɗaɗin, amma ba su ne suka huda gyambon ba. Ina ganin dattawa an hana su barkono, an hana su tsami, an hana su wake, sun rame, cutar tana nan daram. Madara tana sanyaya ƙirji na ɗan lokaci, daga baya ciki ya ƙara sakin tsami. Jiƙon kanwa da iyayenmu ke sha don ƙwannafi yana kwantar da shi nan take, sai dai gishirin da ke cikinta bai dace da mai hawan jini ko ciwon ƙoda ba. Farin maganin olsa na kwalba ma haka yake: kamar yayyafa wa garwashi ruwa ne a bar itacen a murhu. Kuma yana hana wasu magunguna shiga jiki, irin su ciprofloxacin da ƙwayar ƙarin jini ta masu juna biyu, don haka a raba tsakaninsu da sa'o'i. Shi omeprazole ana shansa kamar rabin awa kafin abincin safe, mai azumi kuma kafin sahur. Ranitidine kuwa ƙasashe da dama sun janye shi daga kasuwa, Amurka a 2020, saboda wani sinadari mai haɗari da aka samu a ciki. In akwai ragowarsa a gida, kada a sha.

Akwai alamomin da ba a jira da su gari ya waye. Bahaya baƙi wuluk mai yauƙi da wari, aman jini ko amai mai baƙin gari-gari, jiri da faɗuwa, ko ciwon da ya soki mutum farat ɗaya ciki ya yi tauri ba ya taɓuwa. Wannan na ƙarshe yana iya nufin gyambon ya huda, aikin tiyata ne, a nemi mota zuwa Babban Asibitin Kankiya ko wanda ya fi kusa, kada a ba shi abinci ko jiƙo a hanya. Wanda ya manyanta kuma yana ramewa ba dalili, ko abinci na tsaya masa a maƙogwaro, ko ya shafe watanni a kan omeprazole ba canji, yana buƙatar a leƙa cikinsa da na'ura, kamar yadda ake yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Zafin ƙirji mai zuwa da gumi da sarƙewar numfashi, yana sauka a hannun hagu, musamman ga mai ciwon suga ko hawan jini, na iya zama ciwon zuciya ne ake ta yi masa maganin olsa.

In za a tafi asibiti, a tattara duk abin da mara lafiya yake sha, na kemis da na gargajiya, har ƙwayoyin ledar nan marasa suna, a nuna wa likita. Allah ya bai wa marasa lafiyarmu na gida da na asibiti lafiya.