Ƙanshin Bammi a Kakuri

Masu iya magana sun ce hanci bai san daɗin gishiri ba. To, amma akwai wani dattijo Bazazzagi, tsohon ma'aikacin masaƙa, wanda hancinsa ya san bammi sarai, alhali kuwa ko ɗigo bai taɓa shiga bakinsa ba, domin addininsa ya hana.

Ya zo Kaduna yana saurayi, ya sami aiki a masaƙar KTL ta Kakuri, wadda aka buɗe a 1957. Ya kama ɗaki a gidan haya, ƙofarsa tana duban ta wani mutumin Kagoro, Kirista, abokin aikinsa. A zamanin nan manyan ma'aikata kan sayi farar giyar inabi ta kwalba daga Faransa, suna yaba tsaminta da ƙanshinta mai kama da na lemo. Shi kuwa maƙwabcin, bammi ne daidai aljihunsa, watau farin ruwan nan da ake tatsowa daga tukurwa ko kwakwar manja, a kawo shi birni cikin jarka.

Daga bakinsa dattijon ya koyi halin bammi. Na sassafe yana da zaƙi da sanyi, ƙanshinsa kamar na ɗanyar kwakwa, ƙarfinsa kaɗan ne. In rana ta ɗaga sai yis ɗin da ke cikinsa ya kama cin sukarin, ya yi kumfa, ya soma cizon harshe, ya kuma soma bugarwa. Kafin ya kwana ya yi tsami, warinsa ya yi kama da na ƙullun da ya wuce lokaci. Har ya kai ga dattijon yana shiga tsakar gida zai ce, "Maƙwabci, na yau ya tsufa." Shi kuma sai ya yi dariya ya ce, "Malam, wannan hanci naka ya fi agogo."

Ba su taɓa musu a kan gorar nan ba. Da zarar maƙwabcin ya ga an ɗauki buta, sai ya kawar da ita bayan ɗaki. Ran Salla ya ci tuwon gidan Malam, ran Kirsimeti matarsa ta aiko da shinkafa.

Sa'an nan rikicin watan Fabrairu na 2000 ya zo. Maƙwabcin ne ya ɓoye shi da iyalinsa kwana biyu, har suka sami hanyar tsallaka gada. Ya koma Tudun Wada da zama, kamar yadda Musulmi da yawa suka koma arewacin kogi, Kirista kuma suka koma kudu. A 2002 masaƙar ta tsaya. Tun yana cewa gobe zai je gaisuwa, har shekaru suka shuɗe, kunya ta daɗa nauyaya masa ƙafa.

Wata safiya hidima ta kai shi Sabon Tasha, mai babur ya gifta da jarka, ƙanshin nan ya buge shi. Na sassafe ne, bai tsufa ba. Ya tsaya cik a bakin titi, ya tuna zumunci a ƙafa yake. Ya fasa abin da ya kawo shi, ya tari mota zuwa Kakuri, yana ta addu'a Allah ya sa ya tarar da mutumin da rai.