Ƙofar Hanci

Hausawa sun ce abin da ya taɓa hanci, ido ne ke ruwa. Da zumunci suke nufi, amma maganar ta dace da halittar kan ɗan Adam fiye da yadda mai ita ya zata. A can bayan kogon hanci, a ƙasan ƙoƙon kai, akwai wani ɗan gurbin ƙashi mai siffar sirdi, wanda likitoci ke kira sirdin Turkawa. A cikinsa ne wata 'yar tsoka mai suna fituwitari, wadda ba ta wuce ƙwayar wake ba, take zaune tana sarrafa girman jiki da haihuwa da nonon mai shayarwa. A samanta jijiyoyin gani biyu suka gitta juna, a dama da hagunta kuma manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa suka bi. Idan ƙari ya tsiro a wannan matsatsi sai ya danne jijiyar gani. Mutum ya riƙa hangen gabansa sarai, amma gefe da gefe ya dushe masa sannu a hankali.

A da, hanyar da aka fi bi ita ce a buɗe ƙoƙon kai, a ɗaga ƙwaƙwalwa, a lallaɓa a kai ga ƙarin. Alhali kuwa akwai gajeriyar hanya, wadda Misirawan dauri suka sani, domin ta hanci suke fitar da ƙwaƙwalwar mamaci idan za su adana gawarsa. A 1907 Hermann Schloffer ya bi ta hanci ya cire ƙarin fituwitari daga mai rai a Ostiriya. Harvey Cushing na Amurka ya bi hanyar shekaru da dama, sannan ya bar ta ya koma buɗe kai. Ba na ganin laifinsa. Wanda ke aiki a ƙarshen rami mai duhu, da hasken da bai isa ba, dole ya ji tsoro.

Ɗaya daga cikin abubuwan da suka sauya al'amarin shi ne madubin leƙe, wani siririn bututu mai kaurin milimita 4, ɗauke da fitila da kyamara. Maimakon likita ya tsaya a bakin rami yana hange, sai ga idonsa ya shiga har ƙurya. A 1997 Hae-Dong Jho da Ricardo Carrau na birnin Fitsbag suka ba da rahoton majinyata 50 da suka yi wa aiki da shi. Yawanci mutum biyu ne ke aikin, likitan hanci da likitan ƙwaƙwalwa, suna kallon allo, hannaye huɗu ta kafofin hanci biyu. Saura matsala guda: ƙofar da aka fasa takan riƙa ɗigar da ruwan ƙwaƙwalwa, ta nan kuma ƙwayoyin sanƙarau ke samun shiga. A 2006 aka bayyana dabarar Hadad da Bassagasteguy, likitocin Ajantina, ta yanko fata daga bangon da ya raba kafofin hanci, tare da jijiyar jininta, a lulluɓe ƙofar da ita. Daga nan ɗigar ta ragu ƙwarai, likitoci suka sami ƙarfin halin bin ƙari mai zurfi fiye da na fituwitari.

To, ga inda nake da ja. Mutanenmu da tabo suke auna tiyata. Goggona ta yi shekara biyu tana karo da ƙyaure da tukwane, ana canza mata tabarau, wasu na cewa sammu ne, kafin hoton kai ya nuna ƙarin. Da aka yi mata aikin aka sallamo ta, 'yan dubiya suka cika ɗaki suna neman ɗinki a kanta, ba su gani ba. Ko kitsonta ba a tsefe ba. Na ji wata tsohuwa tana cewa, “Ashe dai ba wani abu aka yi mata ba, hanci aka share.” Washegari aka fara zancen yaushe za ta karɓi girkinta.

Ya kai mai karatu, ƙofar ce ƙarama, aikin yana nan da girmansa. Ƙarfe ya yi sa'o'i yana kai-komo dab da jijiyar da idan ta fashe rai ne a bakinsa. Ga ƙishirwa da yawan fitsari da suka dame ta kwanaki, saboda an taɓa tsokar da ke tsare ruwan jiki. Ga ƙwayoyin da za ta riƙa sha, ga komawa awon jini. Likita ya hana ta face hanci, da ɗaukar kaya, da sunkuyawa na wasu makonni, don kada facin ya ɗaye.

Ni aka ɗora wa bayyana wa gidan wannan, kuma na sha wuya, domin ba ni da rauni ko ɗaya da zan nuna. Sai da suka gan ta tana salla a zaune bisa kujera, ita da ba ta taɓa barin sujada ba, sannan aka ɗauke mata tulu da turmi. A mako na uku ta ce da ni, “Ɗana, matsar da butar nan da ke hagunka.” Fuskarta kuwa gabas take kallo.