Ɗanyen Icce da Gemu

Cikin majigin nan na Amurka da a ke kira Star Wars akwai waɗansu jarumawa masu asiri, ana ce da su Jedi. Ba su karɓar almajiri sai yana ɗan ƙanƙane. A kashin da ya fito cikin 1999 an kawo musu Anakin yana da shekara 9, dattawansu suka ce ya girma. Ba basirarsa su ke shakka ba. Yaron ya riga ya shaƙu da uwatasa, suna tsoron zuciyarsa ta rabu biyu. Haka kuwa aka yi, ya lalace. Amma ɗansa Luke, wanda bai soma ba sai da ya zama saurayi, shi ya gyara ɓarnar.

Manomin Kura ko Bunkure ba zai yi mamakin Luke ba. Kafin a gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, galibin mutanen wurin noman damina suka sani, gero da dawa. Da ruwa ya biyo magudanai ya iso Kadawa, magidanta ne, waɗansu har da furfura, suka koyi kasa shi cikin fangali da renon tumatir. Iyalin nan da Jedi ke gudu su suka zaunar da su gaban malamin gona, gama wanda ya makara shukar alkama har sanyin hunturu ya wuce, tukunyar gidansa za ta faɗa masa.