Neman Injin Wankin Amarya a Sabon Garin Kano

Da can idan aka ce kayan ɗakin amarya, gado ne da katifa da kujeru da jere. Daga baya firij da tukunyar gas suka shigo lissafi, 'yan shekarun nan kuma injin wanki ya bi sahu. Shi ya fito da mu daga Zariya da sassafe, ni da gwaggona da ke shirin aurar da autarta bayan Babbar Sallah. Ta ce in raka ta don in riƙa karanta mata abin da aka rubuta a jikin kwali. Ni kuma na ga labari ya samu, na sa littafina a aljihu.

A Kwangila muka hau mota. Tashar Yari, Kwanar Ɗangora, sai gonakin shinkafar Kadawa da Kura, muka haye gadar Tamburawa muka faɗa Na'ibawa. Tun kafin mu kai Kwanar Ɗangora Gwaggo ta gama faɗa mini abin da take so. Ta ga wani inji a gidan ƙawarta a Kaduna, mai ƙofar gilashi a gaba, an ɗora masa ɗan'uwansa mai busar da kaya a bisa. Su biyun take so, kada dangin ango su ga kamar an yi ƙoro. Na ce to, Allah Ya kai mu lafiya.

Daga Unguwa Uku a daidaita sahu ya sauke mu a France Road, inda shagunan kayan wuta suka yi jerin gwano har cikin Kasuwar Abubakar Rimi. Kwalaye ne a tare bakin hanya: LG, Hisense, Samsung, Haier Thermocool, Scanfrost, Nexus, Midea. Duk shagon da muka tambayi kuɗi sai mai shi ya duba waya tukuna. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, Dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, 'yan kasuwar nan suka daina yarda da farashin jiya. Kusan duk abin da ke cikin injin daga waje ake shigo da shi, ko da a nan aka harhaɗa.

Iri uku muka yi ta gani. Akwai mai baho biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsa, wanda da bokiti ma ake iya cika shi, a murɗa maɓallin lokaci da hannu. Akwai mai murfi a sama da ke jan ruwa da kansa, ya wanke, ya ɗauraye, ya matse. Sai wanda Gwaggo ta zo da shi a rai, mai ƙofa a gaba, wanda kuɗinsa ya ninka na mai baho biyu, wani lokaci har da ɗoriya. Wani yaron shago mai zaƙin baki ya kunna mana shi, fitilu suka kama, ya yi 'yar waƙarsa.

"Hajiya, wannan shi ne na 'yan gayu. Sayen nagari mayar da kuɗi gida. Dubi nan, garantin shekara 10!"

Na sunkuya na karanta takardar da aka manna. Shekara 10 ɗin gaskiya ce, amma a kan moton da ke juya tukunyar kaɗai. Sauran jikin injin, har da ƙwaƙwalwarsa, garantinsu shekara ɗaya ne ko biyu, gwargwadon kamfani. Yaron bai yi ƙarya ba, rabin magana ya faɗa. Na tambaye shi idan inji ya lalace wa ke gyarawa. Ya yi nuni da baki zuwa wani lungu a bayan layin.

Wannan lungun shi ya ci rabin yininmu, kuma nan ne tafiyar ta yi amfani. Rumfar kwano ce, an jibge gawarwakin injuna a gefe, wasu ba murfi, wasu an zare musu tukunya. Mai gyaran dattijo ne, da tabarau a karan hanci, yana naɗa waya a jikin wani moto. Bayan gaisuwa Gwaggo ta zayyana masa buƙatarta. Bai tambayi nawa ta riƙo ba.

"Hajiya, gidan da za a kai yarinyar, ruwansu daga ina?"

Gwaggo ta ce ai akwai ruwa. Ya ce na famfo, ko na tanki, ko na 'yan garuwa? Nan ta yi shiru. Sai da ta kira amaryar a waya, ita kuma ta kira angon, kafin amsa ta dawo: gidan haya ne a Samaru, rijiyar burtsatse ɗaya ce ta gidan gaba ɗaya, tankin yana kan ɗan gajeren gini a tsakar gida, idan wuta ta yi kwana biyu ba ta zo ba sai a sayi ruwan kura.

Dattijon ya ajiye abin hannunsa ya yi mana karatu. Injin da ke jan ruwa da kansa yana da wani ɗan bawul da ba ya aiki sosai sai ruwa ya zo da ƙarfi. Yawancinsu an rubuta a littafinsu cewa suna son aƙalla rabin ba, wato ma'aunin ƙarfin ruwa. Tanki kuwa sai ya yi tsayin kusan mita 10 sama da bakin famfo kafin ya ba da ba ɗaya. Ke nan tankin da ke kan ginin da bai fi tsayin mutum biyu ba ba zai kai ba. Injin zai yi ta jiran ruwa, ya gaji, ya nuna wata lamba a fuskarsa ya tsaya. Maganinsa a sa ƙaramin famfon tura ruwa, shi ma kuma wuta yake ci. Ya ce mutane da yawa suna kawo masa inji lafiyayye su ce ya lalace, alhali ƙishirwa ce ke damunsa.

Ta fuskar yawan ruwa kuwa, ya yaba wa mai ƙofa a gaba. Wanki ɗaya na kilo 7 ko 8 yakan sha wajen lita 50, wato jarka biyu. Mai murfi a sama kan sha ninkin haka ko fiye, domin sai ya nutsar da kayan. Mai baho biyu ba shi da tsimi a kan kansa, tsiminsa a hannun mai wanki yake: a fara da fararen kaya, a bi da masu launi a ruwan kumfa ɗaya, ruwan ɗauraya kuma a wanke tsakar gida da shi.

Sai maganar wuta, inda ya fi daɗewa. Moton mai baho biyu bai cika wuce wat 300 zuwa 500 ba, matsakaicin janareta ko solar gida na iya ɗaukarsa. Mai ƙofa a gaba yana da abin dumama ruwa da ke jan wajen wat 2,000, sai dai idan an zaɓi wankin ruwan sanyi. Idan aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, kaya na iya zama cikin ruwa har a dawo da ita. Ya jawo wani koren faranti mai ƙananan na'urori a jiki, kusurwarsa ɗaya ta yi baƙi ƙirin, ya miƙa mini. Har yanzu yana ɗan warin ƙuna. Ya ce wannan ita ce ƙwaƙwalwar inji, fanel, kuma wuta mai hawa da sauka ce ajalinta. An ƙera injunan ne don bolt 220 zuwa 240. Idan wuta ta zo rabi, ko ta dawo da ƙarfi bayan an ɗauke, abin da na riƙe a hannu shi ne sakamako. Duk mai sayen inji mai fanel, in ji shi, ya haɗa da sitabilaiza mai ƙarfin da ya fi na injin, ya kuma tabbatar soket ɗin yana da wayar ƙasa, domin ruwa da wuta ne a wuri ɗaya, kuma mata ba da takalmi suke wanki ba.

Na tambaye shi me ya fi kawo mai baho biyu wurinsa. Ya ƙirga da yatsu: bel, kafasita, maɓallin lokaci, sai wayar da ɓera ya ci. Duka ana samunsu a nan Sabon Gari, kuma a Zariya ma ba za a rasa mai sa su ba. Babban maƙiyinsa rana ce. Jikinsa roba ne, idan aka bar shi a tsakar gida yana shan zafin bazara, ba a jima sai ya fara farfashewa.

Yana cikin magana wani yaronsa ya kwance matatar da ke ƙasan wani mai ƙofa a gaba. Ruwa mai wari ya kwararo, sai ga fil-fil na hijabi, da maɓallai, da duwatsun leshi, da ƙwallon dabino, da guntun asuwaki. Gwaggo ta riƙe baki. Dattijon ya ce abin da ya hana injin zubar da ruwa ke nan, mai shi kuwa har ya fara cigiyar sabo. A riƙa lalube aljihu kafin wanki, a buɗe matatar nan lokaci-lokaci, a bar ƙofar a buɗe bayan an gama don kada robar bakin ta yi funfuna. Omo mai yawan kumfa na wankin hannu kuma ba nasa ba ne.

Gwaggo ba ta manta da na busarwa ba. Da ta tayar da maganar, sai da dattijon ya cire tabarau ya dube ta.

"Hajiya, a Zariya? Ranar da Allah Ya ba mu kyauta za ki saya da kuɗi?"

A nan ni ma ina bayansa. Injin busarwa na ƙasashen da ake wata da watanni rana ba ta fito da ƙarfi ba ne, ko gidajen bene da ba su da filin shanya. A Legas ko Fatakwal, inda iska ke ɗauke da laima kusan duk shekara, yana da hujja. Otal da asibiti da shagon wanki da guga na zamani su ma suna da tasu. Amma a ƙasar da zanin gado ke bushewa tsakanin azahar da la'asar, lissafin ba ya fita. Irin na gama-gari yana jan wat 2,000 zuwa 3,000, busarwa ɗaya na cin yunit 3 zuwa 5. Tun watan Afrilun 2024 da hukumar NERC ta kai kuɗin yunit na rukunin A Naira 225, aka ɗan rage daga baya amma bai sauko ƙasa da 200 ba, kowa na iya buga nasa lissafin. Akwai sabon samfuri mai sake juya zafinsa, wanda ke cin kusan rabin wannan wuta, sai dai ya fi tsada, kuma mai gyaransa sai an tona. Haka wanda aka haɗa wanki da busarwa a jiki ɗaya: idan ka ga an rubuta 8/5, kilo 8 yake wankewa amma 5 kawai yake busarwa, sai an rage kaya. Ga shi shadda mai maiƙo da leshi mai duwatsu da hular zanna ba sa shiri da zafinsa, su ne kuwa rabin akwatin amarya da na ango.

Gwaggo ta kawo hujjarta, kuma ba ta banza ba ce: watan Agusta, lokacin da marka kan hana ganin rana, da ƙurar hunturu da ke dawo da farin kaya ruwan ƙasa, da kayan jarirai idan Allah Ya kawo rabo. Dattijon ya ce amsar wannan tana wurin matsa. Injin da ke juyi 1,000 zuwa 1,400 a minti yana fitar da kaya da ɗan danshi kawai, igiya a baranda ko a ɗaki ƙarƙashin fanka ta ishe su.

Kafin mu tashi na tambaye shi batun na hannu, 'yan kwatano, da muka gani jibge a wani layi. Ya ce na Turai wutarsu ɗaya da tamu, sai dai rubutun jikinsu kan zo da Jamusanci ko wani harshen, kuma wasu kayan gyaransu babu a kasuwa. Na Amurka kuwa bolt 120 ne, kada a soma. Wanda ya nace, ya juya tukunyar da hannu ya saurara, ya kuma ɗaga ta sama da ƙasa. In ya ji gurnani ko ta yi lako-lako, boris ya tafi, gyaransa kuma a wasu injunan ya kusa kuɗin wani.

Gwaggo ta daɗe tana juya abin. Damuwarta ba ta wanki ba ce, ta 'yan ganin ɗaki ce. Da la'asar dai muka koma layin farko, ta sa aka sauko da mai baho biyu babba, na kilo 10. Na sa aka buɗe kwalin a gabanmu, aka zuba ruwa aka gwada ɓangaren wanki da na matsa, aka rubuta lambar samfuri da lambar jikin injin a rasit, aka buga hatimi a katin garanti. Ba tare da waɗannan takardu ba, ko gaban hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC mutum ya je, bakinsa kawai zai kai. Aka ɗaure shi a tsaye a bayan a-kori-kura zuwa tasha.

Da gidan amaryar na da tanki a bisa bene da wuta tsayayya, da mai ƙofa a gaba zan ce a ɗauka, domin ya fi fitar da datti, ya fi tausaya wa tufafi, ya fi tsimin ruwa. Wanda ya saye shi ya tuna da kusoshi uku ko huɗu da ke bayansa, masu riƙe tukunya saboda tafiya: sai an kwance su kafin wankin farko, in ba haka ba injin zai yi ta tsalle har ya ji wa kansa. Mai niyyar zuwa Sabon Gari kuma, kafin ya hau mota ya auna tsayin tankin gidan, ya duba ƙarfin janaretan, ya tambayi mai gyaran unguwarsu irin injin da yake da kayansa.