"Ki riƙe mini shi in watsa ruwa": Kwana uku a Yindiski

Wannan makon tsaraba na kawo muku daga Potiskum ta Jihar Yobe.

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Maiduguri ya san garin. In ka wuce Azare, ka fara ganin tireloli jere a bakin titi, to ka iso. Ranar Laraba kuwa, da kasuwar shanu ke ci, ƙura da kukan dabbobi ne za su tarbe ka. Gari ne na Bolewa da Ngizim da Karekare, ga Hausawa ga Fulani. Ni biki ne ya kai ni unguwar Yindiski, gidan goggona.

Washegarin ɗaurin aure Goggo ta ce in raka ta asibiti dubiya, an kwantar da ɗan maƙwabciyarta. Shekararsa shida, amma ba ya zama, ba ya magana, wuyansa ma bai tsaya ba. Shawara ce ta kama shi kwanaki kaɗan bayan haihuwa, aka tsaya jiƙe-jiƙe a gida har ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ga kuma farfaɗiya.

Na riƙo lemo da ayaba, niyyata minti goma mu fito. Muna gama gaisawa uwar ta dube ni ta ce, "Anti, don Allah ki riƙe mini shi in watsa ruwa. Yau kwana biyu ke nan." Jikina ya yi sanyi. 'Yan dubiya na zuwa, su ce Allah Ya sawwaƙe, su ajiye leda su tafi, amma ba wanda ya taɓa karɓar yaron daga hannunta. Wasu tsoron yawun da ke dalala daga bakinsa suke yi, wai ana ɗaukar farfaɗiya ta nan.

Mai karatu, tun ina jami'a nake burin in je wata ƙasa aikin sa kai. Nakan ji labarin likitocin da ke tasowa daga ƙasashen waje zuwa Asibitin Noma na Sakkwato, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke taimakawa tun 2014, suna yi wa yaran da cutar ta ci wa fuska tiyata kyauta. Sai in ce ina ma ni ce. Ashe aikin yana jira na a Yindiski, ba fasfo ba biza, kuɗin Keke Napep kawai.

Kwana uku na yi ina komawa bayan La'asar. Da na tambayi maganinsa, uwar ta zaro kwalbar da ta ƙare tun makonni uku da suka wuce. Ta ce ta ga wata biyu bai yi jijjiga ba, kuɗi kuma sun yi wuya, sai ta ɗauka ya warke. Abin da ya kawo su asibiti ke nan. Maganin farfaɗiya, irin su fenobabiton, danne ciwon yake yi muddin ana sha kullum a kan lokaci. In aka yanke shi farat ɗaya, jijjigar na iya dawowa da ƙarfin da ya fi na da. Likita ne kaɗai ke rage shi, kuma a hankali.

Ga sauran abubuwan da muka tattauna da iyayen da ke ɗakin, ku ma ku riƙe:

Farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu ko ta taɓa jiki. In yaro ya fara jijjiga, a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a cusa masa cokali, kada a ɗura masa ruwa ko manja. In ta wuce minti biyar, a garzaya asibiti.

Yaron da wuyansa bai tsaya ba, a tallafe shi a zaune kafin a ba shi abinci, da ƙaramin cokali, kunun kuma ya ɗan yi kauri. Ɗura na iya tura abinci cikin huhu, ya jawo ciwon huhu.

Jaririn da idonsa ko jikinsa ya yi ɗorawa, a kai shi asibiti a ranar. Akwai fitila ta musamman da ake sa jarirai a ƙarƙashinta kafin ɓarna ta auku.

To, in kina son taimakawa, 'yar uwa, ba sai kin karanci aikin lafiya ba. Fara da neman izinin shugabar nas-nas ta ɗakin yara. Ki wanke hannu, in kina mura ki bari sai kin warke. Kada ki kai magani ko rubutu ki ba yaro ba da sanin ma'aikata ba. Kada ki ɗauki hotonsa ki sa a Facebook ko TikTok, yana da mutuncinsa. Ki karɓe shi awa ɗaya uwar ta yi wanka, ta yi Sallah a natse, ta runtsa. Ki kira shi da sunansa ki yi masa hira, ko da ba zai amsa ba. In Allah Ya hore miki, ki biya kuɗin maganin wata guda a kantin asibiti. Sannan ki koma, don zuwa sau ɗaya dubiya ce kawai.

A watan Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Najeriya. Doka ce mai kyau, amma ba za ta riƙe wa wannan uwa ɗanta ba. Wannan aikin maƙwabta ne.

Ranar da zan bar Yindiski, 'yan matan gidan Goggo biyu sun raba kwanaki a tsakaninsu, ɗaya Litinin ɗaya Alhamis. A garinku ma akwai irin wannan ɗakin. Yaushe rabonki da shiga?

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.