Tabon Mota da Haƙurin Mai Ita

A garin Dakusa, arewa da birnin Damagaram, akwai wani tsohon ma'aikacin gwamnati wanda duk dukiyarsa ba ta wuce wata farar Fijo 504 ba, irin waɗanda aka soma haɗawa a Kaduna a 1975. Ya saye ta gab da karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, ya kuma san ba zai sake mallakar wata ba.

Da auren ƴarsa ya matso, sai ya ƙudura sayar da ita. Motar kuwa ta daɗe ajiye a inuwar bedi: kashin tsuntsaye ya bushe bisa rufinta, kwalta ta fallatsar mata a ƙofofi, ƙurar hunturu ta lulluɓe sauran. Da yake ruwa abu ne mai daraja a ƙasar Damagaram, sai ya ɗauki kwano guda, da soso da garin sabulu, ya hau dirzar rufin da tsakar rana. Tabon ya fita, ƙyallin fenti ya bi shi.

Wani dattijo mai wankin motoci a tashar Zinder ya duba ɓarnar, ya girgiza kai. Ya ce: "Malam, ƙurar nan yashi ce. Duk wanda ya goge ta a bushe, da hannunsa yake karce motarsa." Ya nuna masa cewa kashin tsuntsu yana da guba mai cin fenti, musamman in rana ta gasa ƙarfen, amma in aka ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma na ƴan mintoci a inuwa, zai saki da kansa. Kwalta kuwa ba ta jin ruwa. Ɗigon kananzir a tsumma mai laushi ke narkar da ita, sannan a wanke wurin nan take. Garin sabulun wanki yana kwashe man da ke kare fenti.

Malam ya koma gida, ya bi ƙofofin da sassafe, tabo bayan tabo, da ruwan da bai kai bokiti ɗaya ba. Suka fito fes.

Ranar ciniki dillali ya yaba ƙofofin, sannan ya shafa rufin, ya zaftare kuɗin. Malam bai yi musu ba, domin ya san hannun da ya yi wannan aiki. Aka ɗaura aure, amma sai da ya haɗa da ragonsa na layya.