Cibiyar Tebur

Ina shekara ta uku a jami'a malamina ya sa sunana cikin waɗanda za su yi jawabi a wani taron ƙara wa juna sani a Yamai. An ba ni minti goma sha biyar in yi bayani a kan karin sauti a Hausar Arewa, wadda na ɗauko daga bakin wata tsohuwa a wani ƙauye kusa da Dogonduci. Kwana tara na yi a gidanta. Tana sussukar gero tana ba ni labari, ni kuwa na'urar ɗaukar murya tana kan cinyata. Watanni huɗu bayan dawowata aka aiko mini cewa Allah ya yi mata rasuwa. Saboda haka abin da na ɗauko zuwa zauren nan ya fi ƙarfin aikin makaranta a wurina, amana ce.

Na isa tun kafin a buɗe ƙofa. A tsakiyar zauren akwai dogon tebur, a kansa kuma ga wasu marufai na ƙarfe guda uku, kowane bai wuce faɗin littafi ba, sun shafe daidai da katakon. Na danna ɗaya, ya ɗaga. A ƙarƙashinsa ga kafofin wuta biyu, ga kafar wayar intanet, ga ta USB, ga kuma bakunan wayoyi biyu masu zuwa majigi. Ni da na saba da aji mai priz ɗaya tal a bayan ƙofa, inda muke jera wayoyinmu a ƙasa muna jiran layi, sai na ji kamar an kawo rijiya tsakar ɗaki.

Murnata ba ta daɗe ba. Kwamfutata ta hannu ce, yayana ya saya mini a kasuwar Maraɗi, kuma ta Katsina ta shigo. Kan wayar cajarta mai haƙora uku ne masu kusurwa, irin na Ingila. Kafofin teburin kuwa irin na Faransa ne: ramuka biyu zagayayyu da wani tsinken ƙarfe da ya fito daga ciki. Ɗan mahaɗin da nake amfani da shi na baro shi a ɗaki, maƙale a bango. Batirin kwamfutar ko minti goma ba ya riƙewa. Na juya kan wayar sama, na juya shi ƙasa, kamar juyawar za ta sauya masa halitta. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Daga baya na bi tarihin abin. Kan waya mai haƙora uku an tsara shi a Ingila a 1947, da ɗan fis a cikinsa, ya bi Ingilishi zuwa Nijeriya da Gana. Mu kuma muka gaji na Faransa. Iyakar da Turawan biyu suka shata tsakanin 1898 da 1906 ta ratsa ƙasar Hausa, ta bar Maraɗi a arewa da Katsina a kudu, tsakaninsu bai kai kilomita 100 ba. Mun san ta a bakinmu: mu ce priz, su ce soket, mu ce kuran, su ce nefa, mu ce lakkwal, su ce boko. Ranar nan na gane cewa ta shiga har cikin bango da tebur. Wutar kanta ba ruwanta da wannan rabo, domin a ɓangarorin biyu ƙarfinta yana tsakanin bolt 220 da 230, kuma da yawan wadda Yamai take sha daga Nijeriya take zuwa, ta layin Birnin Kebbi.

Wani dattijo mai kula da zauren yana goge kujeru yana kallona. Ya matso ya ce, "Ɗiyata, lafiya?" Na nuna masa. Bai ce komai ba, ya karɓi cajar, ya zare wayar daga jikin ɗan akwatinta. Ban taɓa sanin tana zaruwa ba. Ya shiga wani ɗan ɗaki ya fito da wata waya mai irin bakin, amma kanta zagayayye, ya cusa. Ya nuna mini ƙananan rubutun da ke bayan cajar, 100 zuwa 240, ya ce, "Kin gani? Ita ba ta zaɓen ƙasa. Kan ne kawai ke gardama." Ƴar fitilar kwamfutar ta kama.

Na ce, "Baba, Allah ya saka da alheri. Mene ne sunan wannan abin na tebur?" Ya ce masu kafa shi da Faransanci suka faɗa, shi dai cibiya yake ce masa. Sai ya ɗaga zanen teburin ya ce in leƙa. Wayoyi ne suka sauko ta cikin ƙafar teburin, suka shige wani rami a daɓe, na wuta a hanyarsu, na intanet a tasu, don kada wutar ta dame su. Ya ce cikin cibiyoyin uku, kafar intanet ta ta ƙarshe ba a haɗa ta da komai ba, ado ce. Ya ce kafar wuta tana ɗaukar amfiya 16, kwamfuta goma ba za su dame ta ba, amma ranar da wani ya jona butar shayi biyu a layi ɗaya, zauren duka ya yi duhu. Marufin kuma, in ji shi, saboda ƙurar hunturu da ruwan da baƙi ke zubarwa ne, don haka shi yake bi yana rufewa bayan kowane taro.

Da aka fara zama sai wata matsalar ta ɓullo. Kujerun teburin na manyan malamai ne da baƙi. Mu ɗalibai aka jera mu jikin bango. Ba wanda ya yi haka da mugunta, haka aka saba. Amma wutar tana teburin, kuma kwamfutata ba ta rayuwa nesa da ita. Dole na bar ta a can, tsakanin wani farfesa da kwalbar ruwansa, ina hangenta har lokacina ya zo.

Na tashi, na jona wayar majigi. Kwamfutata tsohuwa ce, kafar VGA kawai gare ta, mai ramuka 15, wadda kamfanin IBM ya fito da ita tun 1987. Zanen muryar tsohuwa da na yi da manhajar Praat ya fito a bango sarai. Na danna, shiru. VGA hoto kawai take ɗauka. HDMI ce ke ɗaukar hoto da sauti tare, ni kuwa ba ni da ita. Duk mai karanta wannan mujalla ya san abin da hakan ke nufi. Rubutunmu ba ya nuna karin sauti. Kuka na hawaye da kuka ta miya haruffansu ɗaya ne, kunne ke raba su. Ga ni tsaye gaban masana, zan yi bayanin hawa da saukar murya, babu muryar.

Baba ne ya sake tasowa daga bakin ƙofa. Ya ce wa farfesan, "Gafara, Malam," ya lanƙwaso wuyan makirfon ɗin teburin har bakinsa ya taɓa ƴar lasifikar kwamfutata. Na sake dannawa. Muryar tsohuwa ta cika zauren, da amon taɓarya a bayanta da carar zakara. Wani baƙo ya roƙi a maimaita jimla ɗaya har sau uku. Ban tuna rabin abin da na faɗa ba a ranar, amma an ji ta.

A watan Agusta na 2023, da Nijeriya ta yanke wutar da take ba mu, har zuwa Maris na 2024, na sha tuna wannan teburin. In babu injin ko hasken rana a bayansa, katako ne da ramuka. Abin da ke sama kowa na ganinsa yana yabawa. Abin da ke ƙarƙashi, da mutumin da ya san inda kowace waya ta dosa, su ne ba a sa su cikin lissafi.

Ina da roƙo ga duk wanda wata rana za a ba shi alhakin sayen tebura don ɗakin karatu ko zauren taro. A sa kafofin wuta iri biyu, tunda kayanmu daga ɓangarorin biyu suke zuwa. A bar hanyar sauti, domin mu aikinmu da kunne ne. A kai wuta har inda ɗalibai ke zama. Kafin a sa hannu a takardar saye kuma, a kira mai kula da zauren a tambaye shi.

Ni dai tun daga ranar mahaɗi biyu nake yawo da su a jaka, ɗaya nawa, ɗaya na wanda zan tarar yana juya kan waya. A ƴan takardun da nake tara sababbin kalmomi kuma na rubuta "cibiyar tebur", na sa kwanan wata, a gurbin majiya na rubuta: dattijo mai kula da zaure, Yamai. Har yau ina jin kunyar cewa ban tambayi sunansa ba.